Monitan da Aka Musanya a Bayan Idona

In dai ina cikin hankalina, ba na jin akwai ranar da zan manta da abin da ya faru a kan monita da abin kunnen da na saya wa ƙanena a kasuwar Sabon Gari. An kwana biyu da yin abin, amma har yau in na ga an ɗauro kwalin talabijin a bayan adaidaita sahu, sai ranar ta dawo min sabuwa. Mutane suna cewa lokaci yana sanyaya zuciya. Tawa dai a kan wannan magana ba ta gama sanyi ba.

Ni mutum ne da aka sani da haƙuri. Ba yabon kai nake ba, a unguwarmu ta Rijiyar Lemo har tsokanata ake yi da shi, wai ko ƙafata aka taka ni ne zan ce a yi haƙuri. Na yi ƙuruciyata ina dakon dilolin atamfa a Fagge, da gwiwa ta fara gajiya aka mayar da ni tsaron sito. Sai da na haura arba'in na shiga makarantar yaƙi da jahilci, wadda muke zuwa bayan la'asar. Wannan rubutun ma da kuke karantawa, a hankali na yi shi da hannuna, ina yi ina gogewa.

Ƙanena shi ne autanmu, kuma Auta muke kiransa. A hannuna ya tashi bayan rasuwar mahaifinmu. Saurayi ne mai surutu da barkwanci, yana tuƙin adaidaita sahu, fasinja ba ya sauka bai yi dariya ba. Wata babbar mota ce ta buge shi ta baya. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙashin bayansa ya taɓu, ƙafafuwa suka daina motsi. Da farko ɗakinsa cike yake da 'yan dubiya. A hankali aka fara raguwa, har ya zama daga ni sai matata. Ya daina magana. Abinci sai an yi da gaske. Ba ya iya juyawa a kan gado sai an taimaka masa, kuma duk sanda na zo juya shi magana ɗaya ce: in juya shi ya fuskanci bango. Matata, wadda da ba sa haɗuwa ba su yi wasan ƙanin miji da matar wa ba, sai ta shiga ta ce, "Ƙaramin maigida, ko fushi ake da ni ne?" Ko ɗaga kai ba ya yi.

Maƙwabcinmu ne ya kawo dabara. Bayarabe ne haifaffen Fagge, yana gyaran waya. Ya kawo wata tsohuwar kwamfuta da ya harhaɗa, da wani tsohon allo mai zane a tsakiya, ya ɗora a kan tebur a gefen gadon, ya saka masa gem. Irin gem ɗin nan ne da ake shiga ta intanet, mutum huɗu a ɓangare ɗaya, ana farautar juna a cikin wani rusasshen gari. Ni ban ɗauke shi da muhimmanci ba, sai ranar da na dawo daga makaranta na ji dariya a ɗakin Auta. Na tsaya a tsakar gida da littafina a hannu, na kasa shiga, don kada shigata ta katse ta.

Ashe ya sami abokai a can. Mutum uku ne da bai taɓa gani ba, ɗaya a Zariya, biyu a Kaduna, suna magana ta abin kunne suna wasa tare. Wata rana ya ce min, "Yaya, ka san abin da ya sa nake son wajen nan? Babu wanda ya san ba na tafiya. A can ni ne mai gudun ƙungiyar." A nan na gane cewa wannan abin da nake ganin wasan yara ne, shi ne igiyar da ta jawo shi daga ramin da ya faɗa.

Sai ga maganar wata gasa da ƙungiyarsu za ta shiga, kuma daidai lokacin tsohon allon ya mutu gaba ɗaya. Abin kunnensa mai waya ma dama kunne ɗaya ne yake aiki. Kyaftin ɗinsu ya yi masa adalci. Ya ce za su jira shi zuwa Asabar bayan magariba, a yi wasan gwaji. In kayansa sun daidaita, da shi za a tafi gasa. In ba haka ba, akwai wani da yake jiran gurbin. Da Auta ya faɗa min, bai roƙe ni komai ba. Ni ne na ce masa adashena ya kusa fitowa, ya faɗa min abin da ake saye.

Ranar ya zama malamina. Ya ce, "Yaya, kada ka duba girma, kada ka duba kyan kala. Monita daban, tibi daban. Tibi na kallo ne, in hoto ya makara kaɗan ba wanda zai sani. Ni kuwa in hoto ya makara an kashe ni." Ya nuna min a waya wasu haruffa biyu da ake rubutawa a jikin kwali da lamba a gabansu. Ya ce in na ga sittin in wuce, in nemi ɗari da arba'in da huɗu ko sama da haka, wato sau nawa hoton yake sabuntawa a cikin daƙiƙa ɗaya. A kan abin kunne kuma ya ce yana son marar waya, saboda wayar tana naɗe masa a hannu in yana kwance, amma ba kowane marar waya ba. Ya ce in buɗe akwatin in ga ko akwai wani ɗan ƙaramin abu kamar filas da ake sokawa a jikin kwamfuta. Wanda ba shi da shi, na jin waƙa ne da amsa waya, sautinsa yana zuwa a makare.

Na yi ta zarya kasuwar Sabon Gari a satin nan, duk sanda na sami sarari a sito. Kowane shago na shiga abu ɗaya ake yi min: a kunna babban allo a nuna min kifaye masu kala suna iyo, ko furanni suna buɗewa, a ce, "Malam, dubi yadda yake fes." Abin kunne kuma a cusa min a ƙure ƙara har haƙorana su yi rawa. Ni kuwa sai in durƙusa a gaban kwali ina bin lamba da yatsa. Wasu su yi haƙuri da ni, wasu su juya wajen wani mai saye.

A ƙarshe na faɗa shagon wani mutumin wajen Zariya, Kirista ne, Hausa a bakinsa ta fi tawa. Da na ce masa na gem nake nema, sai ya kashe kifayen. Ya jera min monita uku. Ɗaya babba mai araha, ɗaya mai lanƙwasa kamar gefen ƙwarya, ɗaya kuma madaidaici wanda ba shi da wani kwarjini. Ya ba ni linzamin kwamfuta ya ce in ja wani hoto da sauri daga gefe zuwa gefe. A kan babban, hoton yana tafe yana jan inuwa a bayansa kamar wutsiya. A kan mai lanƙwasar ya fi dama, amma teburin Auta ba zai ɗauke shi ba, kuma daga kwance gefensa yana duhu. A kan madaidaicin kuwa, duk inda hannuna ya je hoton yana nan tare da shi. Na duba kwalinsa na karanta lambar da kaina, ɗari da arba'in da huɗu. Har sai da na sake karantawa don daɗi.

Abin kunne ma haka. Ya sa min na farko, ya kunna gem, ya ce in danna harbi. Kun san in ka hango mace tana daka daga nesa, sai ka ga taɓarya ta sauka sannan ƙarar ta iso kunnenka? To haka na ji. Ya canza min da mai ɗan filas ɗin, na danna, ƙarar da yatsana suka sauka tare. Har na ji takun mutum yana zuwa ta hagu na waiga, mai shago yana dariya. Na kira Auta a waya ta bidiyo na nuna masa kwalayen biyu. Ya ce, "Su ne, Yaya. Wallahi su ne." Na ce wa mai shago ya ajiye min zuwa Asabar, ranar da adashena zai fito.

A nan ne surukina ya shigo maganar, yayan matata. Alhaji ne mai shagon atamfa a Fagge, mutum mai kyauta, ba zan ɓoye alherinsa ba, amma irin mutanen nan ne da ba a taɓa yin abu daidai ba sai da su. Ya ji labarin sayayyar a bakin ƙanwarsa, ya ce ba zai yiwu in je in yi babban ciniki ni kaɗai ba, za a cuce ni. A wajenmu kuwa abin da aka saba ke nan. In za ka sayi abu mai nauyi kana tafiya da babba, kuma in kun isa shi ne mai baki. Kai mai kuɗin ka koma gefe ka yi shiru, girmamawa ce. Ban ga aibu a ciki ba, tunda na riga na zaɓi kayana. Aikinsa kawai ya nema mana ragi.

Ranar Asabar da hantsi muka je a motarsa, yana cikin babbar riga, ni ina biye da shi. Ya yi ciniki, kuma gaskiya ya iya. Ya tashi kamar zai tafi, ya dawo, ya yi barkwanci, har mai shago ya sauko. Shi ya miƙa hannu ya ce mun saya, mai shago ya kama hannunsa ya ce ya sallama, Allah ya sa albarka. Ni na biya, amma hannun Alhaji aka kama. Wannan ɗan bambancin ban san nauyinsa ba sai daga baya. Ina lura da shi yana kallon monitan yana taɓe baki. Har ya ce, "Wannan ɗan abin ne duk ake wa wannan wahala?" Na ce masa shi mai shi yake so. Ya ce to.

Ranar muna da jarrabawar karatu a makaranta, kuma sai na biya sito na rufe. Alhaji ya ce in tafi abina, kayan suna bayan motarsa, yana da 'yar sayayya a cikin kasuwa, in ya gama zai kai gida. Na yi masa godiya har da rusunawa. Na rubuta jarrabawa raina fari, ina ta hango fuskar Auta in ya buɗe kwali.

Tun daga bakin lungu na ji ƙarar fim tana fitowa daga gidanmu. Na shiga na tarar da tsakar gida cike da matan maƙwabta da yaransu a kan tabarma, an jingina wani ƙaton talabijin a jikin bango a kan benci, Alhaji yana zaune a kujera yana danna rimot. Matata tana tsaye a ƙofar kicin, da muka haɗa ido ta sunkuyar da kai. Na ce, "Alhaji, ina monitan?" Ya ce, "Zauna, Malam, na gyara maka kuskure. Na koma na musanya. Da kuɗin ɗan mitsitsin abin nan ga abin da aka ba mu, har da ɗan ciko na yi maka daga aljihuna. Wannan kowa zai amfana, ƙanwata ta kalli fim, kai ka ji wa'azi, shi ma in an gama sai a kai masa ya yi wasansa. Abin kunnen ma na canza, na farkon ba shi da ƙara. Wannan da kaina na gwada, kamar kana cikin gidan biki."

Na duba sama, rana ta faɗi, ana shirin kiran magariba, kasuwa ta riga ta tashi. Ko da gudu na tafi ƙofa rufaffiya zan tarar. Na wuce na zare wayar talabijin daga soket ana tsakiyar kallo, na rungume shi na nufi ɗakin Auta. Ina jin Alhaji a bayana yana cewa, "Ka ga irin abin da nake faɗa, an tashi mutane saboda wasa."

Auta ya riga ya sani, tun da ya ji ƙarar fim. Bai yi min ƙorafi ba. Ya ce, "Haɗa mu gwada, Yaya, ko Allah zai sa." Maƙwabcinmu mai gyaran waya ya shigo ya jona, ya bi duk saitin talabijin ɗin yana neman inda zai rage makarar hoton, yana girgiza kai. Talabijin ɗin ko kan teburin bai hau ba, sai da muka ɗora shi a kan kujeru biyu. Muka yi salla, na tayar da Auta na jingina shi da matasai, na zauna a ƙasa a gefen gado.

Ban iya gem ba, amma na san hannun ƙanena. Ina kallon yatsunsa suna motsi, sannan in ga mutumin cikin allo ya biyo baya kamar wanda bai gama farkawa daga barci ba. Ya hango abokin gaba, ya danna, kafin bindigarsa ta ɗaga an kayar da shi. A zagaye na gaba aka zagayo masa ta baya. Sai da ya faɗi sannan ya ji takun wanda ya harbe shi. Ya fizge sabon abin kunnen ya jefar a kan gado, ya sa tsohon mai kunne ɗaya, shi kuma ba ya nuna masa hagu ko dama. Gumi ya jiƙa masa riga. Ina jin muryoyin abokansa suna fitowa siriri, da farko suna ƙarfafa shi, daga baya suka yi shiru. Da aka gama, kyaftin ɗin ya yi magana a hankali, amma ɗakin shiru ne na ji. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, ka san muna sonka, amma gasa ce. Za mu tafi da wancan." Auta ya ce babu komai, Allah ya ba da sa'a. Ya cire abin kunnen ya ajiye. Ya ce, "Yaya, juya ni bango."

Na juya shi.

Da na fito Alhaji yana sa takalmi zai tafi. Ya ce, "Yaya aka yi, an ci?" Na ce an cire shi. Ya ce, "To ai wasa ne, gobe a sake wani." Ya shiga mota ya tafi. Har yau in na tuna wannan maganar sai na ajiye abin da ke hannuna.

Washegari Lahadi, mai shago yana coci, shago a rufe. Wunin nan Auta ko ruwa sai da na matsa masa. Matata ta shiga da kunu ta ce, "Ƙaramin maigida, yau ko tsokanata ba za a yi ba?" Ta fito tana share hawaye da bakin zani. Ta ce min, "Malam, wallahi ban aike shi ba. Na ce masa ba wannan aka saya ba, ya ce in rufe baki, me na sani. Ka fitar min da abin nan daga gidan nan. Yayana ne, amma in ka bar shi ni zan fasa shi."

Litinin da safe na mayar da talabijin cikin kwalinsa, na haɗa da abin kunnen na kai shago. Mai shago yana ganina ya miƙe. Na ce masa yaya za a yi ya karɓi kayan da na zaɓa da hannuna, na biya da kuɗina, ya ba da wani abu daban ba da sanina ba. Ya ce, "Malam, wallahi na tambaye shi. Na ce ba na gem ba ne kuka ce? Ya ce shi ne babba a gidan, an sake shawara. Kai ma ka san kasuwa. Wanda ya yi ciniki, aka kama hannunsa aka sallama masa, shi ne mai kaya a wajenmu. Kana tsaye a bayansa ba ka ce uffan ba. Da me zan ƙaryata shi?" Ya ce monitana yana nan bai sayar ba, kuma zai karɓi talabijin tunda ba a ɓata shi ba, amma sai wanda ya ƙulla cinikin ya zo ya warware da bakinsa, don kada gobe shi ma ya zo da tasa rigimar.

Ban ga laifinsa sosai ba, shi ya sa fushin ya rasa inda zai sauka sai inda ya dace. Ban tari adaidaita ba. Na naɗa gammo da rawanin da ke wuyana, na ɗora kwalin a ka kamar zamanin dako, na taka da ƙafa daga Sabon Gari har Fagge. Gwiwata tana ciwo amma ban ji ta ba. Na tarar da shagon Alhaji cike da masu sari, na sauke kwalin a kan dilolin atamfarsa.

Ya ce, "Malam, lafiya? Mene ne haka a gaban mutane?" Na ce, "Kayanka na kawo maka. Tashi mu je ka karɓo min nawa." Ya yi wata 'yar dariya yana kallon baƙinsa, ya ce, "Kun ga ikon Allah. Mutum ya fara haɗa baƙi bana, shi ke nan ya fi kowa sanin kaya. Alheri na yi maka. Wanda Allah ya jarraba da kwanciya, addu'a yake buƙata da jin wa'azi, ba harbe-harben banza ba."

Ni da ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba tun da na auri ƙanwarsa, ranar na kalla. Na ce, "Alhaji, tun da yaron nan ya kwanta, sau nawa ka shiga ɗakinsa? Ka taɓa juya shi? Ka taɓa ɗaukarsa zuwa banɗaki? Ni nake yi. Ni na san ranar da ya daina magana, ni na san ranar da ya sake dariya, kuma na san abin da ya sa shi dariyar. Ba ka tambaye shi ba, ba ka tambaye ni ba. Na ba ka baki a kasuwa don girmanka, ka ɗauka na ba ka rayuwarsa ne. An cire shi, Alhaji. Tun shekaranjiya fuskarsa tana bango." Muryata ta tashi har masu shagunan gefe suka leƙo. Ban zage shi ba, amma ban rage komai ba.

Wani dattijo mai shagon kusa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Alhaji, tashi ka bi shi. Kayan mutum kayansa ne." Alhaji ya tashi fuska a murtuke. Ya ce in sa a mota, na ce a ka na kawo, a ka zan mayar. Haka muka koma, ina gaba da kwali, yana baya da babbar riga. A shago magana ɗaya ya yi, ya ce a ba ni abin da nake so. Mai shago ya mayar masa da cikonsa, Alhaji ya juya ya fita ba sallama. Wannan karon ni na miƙa hannu aka kama, ni na buɗe kwalayen na duba lamba da ɗan filas, ni na rungumo su har gida.

Sai dai na makara. An riga an ba wani gurbin, kuma da shi suka tafi gasar. Maƙwabcinmu ya haɗa monitan a kan tebur, ya zauna daidai kamar don wajen aka yi shi, amma Auta ko waiwaye bai yi ba. Na ce masa ga kayansa sun zo, ya ce an gode. Abin ya ɗauki lokaci a haka, har na fara tsoron mun koma gidan jiya gaba ɗaya.

Da na rasa dabara, sai na fara zama a gaban kwamfutar da kaina in na dawo daga makaranta. Na roƙi maƙwabcin ya nuna min inda ake dannawa. In sa abin kunnen a kunne ɗaya, in bar sautin yana fita ta sifika, in shiga gem. Ban san gabas ba ban san yamma ba. In bugi bango, in faɗa rami, in harbi ɗan ɓangarena, wasu yara daga wata duniya suna zagina da Turanci. Matata tana leƙowa tana cewa, "Malam, yau sau nawa aka yi jana'izarka?" Auta yana kwance, bayansa nake gani. Haka na yi ta yi kullum, ana kashe ni ina sake shiga. A nan dai haƙurin nawa ya yi rana.

Wata yamma ina cikin lalube na ji murya daga jikin bango. Ya ce, "Hagu." Na yi dama. Ya ce, "Hagunka, Yaya, hannun da ba ka cin tuwo da shi. Ba ka jin takunsa ne?" Kafin in juya an kayar da ni. Ya ja tsaki, sannan ya ce, "Zo ka juyo ni. Kana zubar min da mutuncin monita."

Yanzu yana wasa da wata ƙungiya, har yana koya wa wasu. Amma wancan gurbin bai dawo ba, waɗancan abokan ma zumuncin bai koma yadda yake ba, kuma ban ce na yafe watannin da ya sake yi yana kallon bango ba. Ni da Alhaji muna gaisawa a biki da jana'iza. Har gobe yana gaya wa mutane cewa alheri ya yi aka rama masa da rashin kunya.

Abin da wannan rana ta koya min shi ne, girmama babba daban, miƙa masa bakinka daban. Tun daga lokacin ko allura zan saya, ni nake ciniki, hannuna ake kamawa, ni nake ɗaukar kayana. Na kuma koyi cewa wanda yake kwance bai rasa hankalinsa ba, ya fi kowa sanin abin da yake riƙe da shi a duniya. In kana son yi masa alheri, ka shiga ɗakin ka tambaye shi tukuna, ka kawo masa abin da ya ce, ko da a idonka ɗan ƙarami ne.